Yadda Za Ka Tsere Wa Tsinkar Molohiya

Agusta ta kama, mai mota ya sauke dammunan molohiya, wato lalo, a ƙofar gida, kaka ta shimfiɗa zannuwan gado a tsakar gida. Ka san abin da ke tafe: a zauna a da'ira ana tsinkar wannan lalon ganye-ganye har yatsu su yi baƙi. Kwantar da hankalinka. Dabarun nan na ɗan baffana Ertan ne, gwanin kauce wa aiki na ƙauyenmu da ke kusa da garin Lefke. Ka bi su, ni na tsaya maka, ko ganye ɗaya ba za ka taɓa ba.

1. Ka samu dalili mai daraja

Kada ka yarda a ce lalaci ne. Ertan yana mutuwar son Pembe, 'yar maƙwabta da ke zuwa taya Kaka Nazife tsinka kowace yamma. A iliminsa, mace ba ta auren namijin da ta gani da tire a cinya yana tsinkar ganye. Saboda soyayya yake gudu, ka gane.

2. Mukullin mota kada ya bar hannunka

Ka shigo da sauri, ka sumbaci hannun kaka, ka duba agogo, ka yi tsaki. Ka ce ana jiranka a gari. Masana sun tabbatar ba a ba mai kaɗa mukulli aiki. Daga nan ka wuce shagon gahawa, ka zauna ta ciki inda ba a hango ka daga titi.

3. Ka ƙirƙiro ciwo

Ertan ya ce ganyen na sa masa ƙaiƙayi. Kaka ta tambaya yaya aka yi ba ya sa masa in an dafa da naman rago da tafarnuwa da lemun tsami. Ya ce likitoci ma abin ya ɗaure musu kai.

4. Ka kawo wanda zai zauna a kujerarka

Nan ne gwanintar take. Kaka ba ta ƙirga ganye, kawuna take ƙirgawa. Ertan ya jawo abokinsa Salahi, wani salihin bawan Allah da ba ya iya cewa a'a, ya dasa shi a kujerar da ke gefen Pembe, har da ce masa ya riƙa yabonsa shi Ertan a gabanta.

Salahi bai iya komai ba. Yana haɗawa da kara, yana zubarwa a ƙasa. Dole Pembe ta riƙa kama hannunsa tana nuna masa. Da labarin ya iso shagon gahawa, Ertan ya yi dariya har da hawaye.

5. Ka yi haƙuri da kwanan ƙasa

Za a baza ganyen a kan kowane gado ya bushe, har da naka. Kada ka yi ƙorafi, mai ƙorafi ake miƙa wa dami.

6. Ka bayyana ranar ci

Ranar da ƙamshi ya cika unguwa, ka sa farar riga ka zo da wuri. Haka Ertan ya yi. Ya tarar an haɗa tebura, dangin Pembe sun cika gidan, ana ta sumbatar Salahi a kumatu. Ya tambayi kaka bikin me ake yi.

"Baikon Pembe da abokinka mana, ɗan nan."

"Baiko? A ina aka yi wannan maganar ban sani ba?"

"A kujerarka," in ji ta, ta ƙara masa nama. "Ci, kai da ba ya maka ƙaiƙayi in an dafa."

Wallahi ya ba ni tausayi. Duk ƙauyen nan an san a wajen tsinkar ganye ake ƙulla aure, a raba gado, a sasanta rigimar kan iyakar gona. Shi kaɗai ya ɗauka miya ake tanadi. Ya cinye kwanonsa tas, don baƙin ciki bai taɓa hana ɗan gidanmu cin molohiya ba.

Gargaɗi

Alkawarin da na yi maka na ganye ne, kuma na cika. Abin da za a yanke a bayan idonka ba ruwana, kada ka zo min gida da kuka. In kana shakkar ingancin dabarun, ka leƙa shagon gahawa ka ce Ertan ya nuna maka hannunsa. Har yau fes yake, ba tabon ganye, ba zobe.