Fayil ɗin Baba Timothy

Jiya tun da hantsi nake tura Vespa a layin mai na titin Gidan Zoo, ina kaiwa bakin famfo aka ce ya ƙare. Madalla! Romon dimokuraɗiyya ke nan: masu kaki sun sauka, masu babbar riga sun hau, mu kuma muna lasar murfin tukunya.

Ina turo ta gida Gyaɗi-Gyaɗi sai ga maƙwabcina Baba Timothy, riga ta sha guga, biro uku a aljihu, sai washe baki yake. Abin ya ɗaure mini kai. Shekara talatin da biyar bawan Allahn nan yana jera fayil a wata ma'aikata, rana ɗaya ya tsinci sunansa a allon sanarwa wai ya yi ritaya. Ba sallama, ba ko sannu da aiki. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Tun ranar ya koma zaman dakali, ba ci ba magana, har matarsa Saratu ta fara tsorata.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Ofis mana! Su suka aiko."

Ashe fayil ɗinsa na fansho ne ya ɓace. Ranka ya daɗe Mai Girma Sarkin Sa Hannu, wato Ogan ma'aikatar, ya kafa kwamitin mutum tara, suka tare a otal mako guda suna bita kan neman fayil. Suka dawo da tumbi da shawara ɗaya tal: a kira wanda ya san ɗakin ajiyar fayil. Kai, Allah ya bar mana masana!

"To, an samu?"

Ya waiga, ya rage murya. "Ranar farko, kafin azahar. Da shi aka tokare ƙafar teburin Oga don kada ya yi rawa."

"Ka miƙa ke nan?"

"In miƙa in koma dakali? Malam, yanzu har masinja gaishe ni yake. Ko'ina sai ka ji Baba zo ka duba mana. Na bar shi inda na gan shi."

"Fanshon fa?"

Ya gyara biro. "Saratu na sayar da kunu. Ta ce gara mu sha kunun da ta zauna tana kallo ina mutuwa a zaune."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ja Vespa na yi gaba. Amma ku yi wa manya adalci, ku masu cewa ba su tsayar da komai ba: teburin Oga dai ya tsaya daram.