Hoton Injiniyan Talla

Duk wanda ya ce ƙasar Gwandu ba ta haifi gwani ba, bai taɓa zama kusa da Malam Lukuman ba. Kwana uku kacal ya yi a wata bita a Birnin Kebbi, ya dawo da takardar shaida, da tabarau, da sabon suna: Injiniyan Talla. Mutanen gari, da yake ba su iya dogon suna ba, suka taƙaita shi zuwa Lasifika.

Tausayi ne ya hana shi zama. Ya dubi 'yan kasuwa suna ta ciniki ba tare da ilimin ciniki ba, abin ya dame shi ƙwarai.

Ya fara ceto Ɗalha mai gyaran babur. Ya ce kalmar gareji ta tsufa, ya sa aka rubuta masa: CIBIYAR FARFAƊO DA ƘAFA BIYU. Cikin mako guda aka kawo wa Ɗalha masu karaya huɗu da wata tsohuwa mai sanyin ƙashi. Babur ko ɗaya bai tsaya ba.

Sai Haliru wanzami. Injiniya ya tsara masa: MUNA CIRE KAI DAGA DAMUWA. Allon ya yi kaɗan, kalmomi biyun ƙarshe ba su samu wuri ba. Iyaye suka riƙa canza wa 'ya'yansu hanya.

“Talla ta yi aiki,” in ji Injiniya. “Yanzu wa bai san ka ba?”

Daga nan alherinsa ya tsallaka Kalgo, inda Huseina ta shekara tara tana soya kifi a bakin titi. Ƙamshi ne tallarta, kuma da shi take ciyar da gida. Injiniya ya gyara tabarau, ya yi mata bayani.

“Mai saye ba ya son abin da ke nan. Sai ya ji abu zai kuɓuce masa. Kuma jama'a fuska suke yarda da ita, fuskar da aka sani.”

Fuskar da aka sani, bayan dogon nazari, ta zama tasa. Aka buga ƙyallaye shida. Hotonsa ya cika kowanne, yana duban sama cikin natsuwa. Kifin yana can ƙasa a lungu, girmansa bai wuce ƙuda ba. Ba sunan Huseina, ba kwatancen rumfarta. Sai manyan baƙaƙe: JIYA YANA NAN, YAU BABU SHI. MAI RABO YA SAME SHI.

Aka rataya su daga Kalgo har Kambaza. Shi kuwa ya kashe wayarsa, ya wuce Birnin Kebbi ɗinkin sabuwar riga, domin babban mutum bai kamata a riƙa samunsa da sauƙi ba.

Ƙyallen ya yi abin da ba tallar da ta taɓa yi. Kafin azahar hoton ya zaga wayoyi. Kafin la'asar an san ya rasu, hatsarin mota ne, har an sami wanda ya halarci jana'izar.

Washegari da hantsi Injiniya ya sauka a bakin layinsu, ya hango rumfa da tabarmi, mutane maƙil a ƙofar gidansa. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya daɗe da sanin ranar karramawa za ta zo. Ya laɓe bayan wata mota don ya fara jin abin da ake cewa.

Liman yana roƙon jama'a su yafe wa mamaci. Ɗalha ya share ido ya ce ya yafe. Haliru ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan shi ma ya yafe. Huseina ta rufe rumfa, ta kawo kifin yinin gaba ɗaya sadaka, ana ta miƙa faranti.

Injiniya bai ji kalmar mamaci ba. Taron ya gani, da kifin a hannun kowa. Ya fito cikin sabuwar riga, ya ɗaga hannu biyu.

Wasu suka bar takalmansu. Wani dattijo ya haye katanga da kifi a baki.

“Ku zauna, ku zauna,” in ji shi. “Wannan shi ake kira sakamako. Ƙyalle shida, kwana ɗaya, ga kaya sun ƙare kaf. Huseina, faɗa masu.”

Huseina ta dubi kwanonta da ba komai ciki sai mai, ta dube shi daga hula har takalmi. 

Haliru ya matsa kusa da liman, ya rage murya.

“Malam, yafiyar ga da munka yi ɗazu, ana iya janye ta?”

Liman ya goge hannu, ya dubi mutanen da suka fara miƙewa a bayan Haliru.

“Ku bi layi,” in ji shi.