Nomau da Salansar Yayansa

A Tungar Marke, ƙauyen da ya jingina da daji, akwai gidan wani maharbi mai suna Arzika. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Hajo, da ƙanensa Nomau. Nomau ya yi gemu, ga ƙarfi kamar na bijimin sa, amma magana ba ta da ciki a wurinsa. Yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Ba mugu ba ne, ko kaza ba ya iya kora da zafi. Da uwarsu za ta cika, hannunsa ta kama ta damƙa wa Arzika, ta ce amana.

Shi kuwa Arzika kunne ɗaya ya rage masa. Tsohuwar bindigarsa adaka ce ta fashe masa a kafaɗa, ta tafi da na dama, na hagun ma likita ya ce da ƙyar yake riƙe, ƙara mai ƙarfi guda ta isa ta kashe shi. Maharbi kurma kuwa abincin dawa ne, kuma da bindigar nan gidan ke ci. Wani tsohon jami'in gandun daji da Arzika ya daɗe yana yi wa jagora shi ya tausaya masa, ya samar masa bindiga mai lasisi, da wani bututun ƙarfe da ake murɗawa a bakinta yana haɗiye ƙara. Salansa suke ce mata. Hayaƙin albarushi na taruwa a cikinta, dole a riƙa wanke ta. Nomau ya yi ta naci a bar masa wannan aiki, don duk duniya ba abin da yake so kamar ya yi wa yayansa amfani.

Wata rana Arzika zai tafi masallaci, ya ce, "Nomau, kwance salansa ka jiƙa ta a kananzir." Nomau ya tsaya yana tunani. Ta bindiga tana ɗaki a rataye, an kuma sha gaya masa kada ya taɓa bindiga shi kaɗai. To ga wata a ƙofar gida, jikin babur ɗin maƙwabcinsu Jatau mai acaba. Ya kwance ta, ya tsoma a bokiti. Jatau ya fito ya tayar da babur, sai ga ƙara kamar aradu, jakin mai gishiri ya tsinke igiya ya bi ta kan tukwanen wata tsohuwa. Aka zo gida da hayaniya. Nomau ya ce, "Yaya, salansa ka ce. Ba ka ce ta wa ba." Akuyar Hajo ce ta tafi a gyaran wannan ɓarna, kuma da ma ita kaɗai gare ta.

Wata rana kuma Arzika ya kwance ta da hannunsa ya miƙa masa. "Ta bushe, tsatsa za ta kama ta. Ba ta mai ta sha." Man keke yake nufi, ɗigo kaɗan a tsumma. Nomau ya ga ba mutunci ba ne a ba abin da ke ciyar da gida man da mutum ba ya sha. Ya ɗauko kwalbar man gyaɗar Hajo, ya riƙa ɗura mata ta baki, man yana bi ta ɗaya kafar yana zuba a ƙasa. Da kwalba ta ƙare ya ruga yana haki. "Yaya, ba ta da lafiya! Duk abin da ta sha sai ta zawayar!" Washegari Arzika ya harbi gada ya kuskure, hayaƙi ya turnuƙe, dawa ta ɗauki ƙamshin suya kamar ana tuyar ƙosai. Gidan ya kwana biyu yana cin tuwo da miya ba mai ba nama.

Wata rana aka wanke ta, Arzika ya shanya ta a kan dutse da rana tsaka. Ya ce, "Yara na yawo. Ka sa ido a kanta." Nomau ya durƙusa ya ɗora idonsa a bakin ƙarfen. Ƙarfe ya ɗauki zafi, fata ta fara toyi, hawaye na zuba, bai ɗaga ba. Hajo ce ta fito shanya ta same shi haka, ta fizge shi tana salati. Tabon zobe ya zauna masa a kewayen ido har abada. Ta ce wa mijinta, "Malam, don girman Allah ka raba shi da ƙarfen nan. Ko ya kashe kansa, ko ya kashe ka." Arzika ya dubi ƙanensa, ya ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In na hana shi wannan, me ya rage masa?"

Wata rana da damina ta ja baya, zanzaro ya dami gidan da gini a kowace kafa. Arzika ya ce, "Toshe mata baki, kada zanzaro ya shiga." Nomau ya sha ji a dandali cewa wane ya toshe wa wane baki da goro, shari'a ta mutu. Ya sayo goro fari mai kyau, ya tura shi ciki da tsinke har ya zauna daram. Arzika ya riga ya ɗora bindiga a kafaɗa, yatsa a kan kunama, ya saita barewa, sai wani abu ya ce masa ya leƙa bakin salansa. Da ya ga goron, sai ya zauna a ƙasa. Da ya harba, da ta fashe masa kamar ta farko. Ranar ya dawo gida, ya ɗaga hannu zai mari Nomau, sai ya tuna wadda ta damƙa masa shi. Ya sauke hannun. Wannan ya yi wa Nomau ciwo fiye da mari, ya koma bayan rumbu ya yi ta kuka kamar yaro.

Wata rana da kaka, manoma suka kawo kuka cewa wani gyado, mugun dawa mai haure kamar lauje, ya hana su cire gyaɗa. Arzika ya jefa wa Nomau salansa, har yanzu zuciyarsa ba ta huce ba. "Buɗe ta ka wanke. Kada ka bar komai a cikinta. Ka ji ni? Komai!" Nomau ya ƙudura yau kam ba za a yi kuka da shi ba. Ya buɗe ta, ya kankare baƙin hayaƙi. A ciki akwai waɗansu 'yan ƙarafa masu huda, jere kamar marafan kwalba, su ne masu haɗiye ƙarar. Ya dube su. Su ma ai komai ne. Ya zazzage su a ƙwarya, ya goge bututun har yana ƙyalli, ya rufe. Arzika ya karɓa ya jinjina, ya ce, "Yau ta yi sakayau. Ashe dauɗa ce ke ba ta nauyi." Nomau ya ji daɗin da bai taɓa ji ba.

Gyadon bai jira a neme shi ba. Da hantsi, can cikin kwazazzabo nesa da gonaki, ya fito daga rami ta bayan Arzika, ya tsarge masa cinya da haure, ya watsar da shi. Jini ya ɓalle. Arzika ya yi kira har muryarsa ta dishe, ba kowa. Ya san bindigarsa ba ta kiran mutane, tarinta ko daga bayan tudu ba a ji. Ya yi kalmar shahada. Da dabbar ta juyo za ta ƙarasa shi, ya ja kunama yana kwance, bindiga manne da kumatunsa na hagu.

Ƙarar ta girgiza dajin. Masu cirar gyaɗa suka zubar da fartanya, don rabon da su ji harbi irin wannan tun zamanin adaka. Suka bi sautin a guje. Suka tarar da gyado a mace, Arzika a sume cikin jini, suka ɗaure cinyar da rawani suka ɗauko shi. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai a yi masa sutura. Ƙafar ta warke. Kunnen ne ya tafi, bai ƙara jin ko kiran salla ba.

Ranar da aka dawo da shi gida, Nomau ya kawo ƙwaryar ya ajiye a gabansa, ya durƙusa yana jiran hukunci. Arzika ya ɗauki ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ya gane abin da ya faru. Hajo na bakin ƙofa tana share hawaye, ita kanta ba ta san ko tsinuwa za ta yi ko godiya ba. Can Arzika ya dafa kan ƙanensa, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa.

"Daga yau kai ne kunnena."

Nomau ya ɗago da idonsa mai tabo. "Na dama ko na hagu, Yaya?"

Arzika na kallon leɓensa kawai. Nomau ya sake tambaya, ya ƙara da ƙarfi, Arzika bai ji ba. Sai ya tashi ya zauna a hagunsa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Tun daga ranar, ko kasuwa ko masallaci ko gona, ba wanda ya ƙara ganin Arzika ba tare da Nomau a wannan gefen ba. In aka kira shi aike, sai ya girgiza kai ya ce kunne ba ya barin mai shi.