Jan Makunnin Kwamfutar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan yayata ba, kuma ko da na so in manta, mutanen unguwarmu a Gummi sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba.

Bari in fara da faɗa muku irin cutar da ke damuna. Sa'o'ina suna kiwon tantabara, wasu suna tara hotunan 'yan ƙwallo, ni kuwa tsofaffin kwamfutoci nake tarawa. Irin masu allo mai ƙaton ƙeya ɗin nan, waɗanda idan ka ɗauki guda sai ka ji kamar buhun gero ka sungumo. Duk inda na ji an jefar da wata, ko a bayan ofis ko a wurin 'yan gwangwan, sai na je na kwaso. A lokacin ina da guda biyar a ɗakina. (Wadda take aiki a cikinsu? Kada ku yi mini wannan tambayar.) Inna tana kiran ɗakin nawa juji mai ƙofa. Ni kuma na rubuta "Injiniya" da alli a jikin ƙyauren, tun da babu wanda ya yi niyyar rubuta mini.

Akwai wata kwamfuta ta shida da na daɗe ina haɗiyar yawu a kanta, ta Kawu Sambo, yayan Inna. Tana ƙuryar ɗakinsa lulluɓe da tsohon zane tun kafin a haife ni. Kawu ya yi aikin buga takardu a ofis shekara da shekaru, da aka daina yayin irinta ya saye ta ya kawo gida. A cikinta ya rubuta labarin da mahaifinsu, wato kakana, ya riƙa ba shi kafin ya rasu: inda danginmu suka taso, yadda suka sauka bakin gulbi, wa ya haifi wa. Bai kai ga fitar da shi a takarda ba, wata rana ta ƙi tashi, shi ke nan. Maganar Kaka ta zauna a kulle cikin ƙarfe.

Ni da bakina na je na ce, "Kawu, ba ni ita mako ɗaya. Ranar suna kowa zai karanta maganar Kaka."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ɗana, wanga abu ba shi da na biyu hwa. In ya tahi, ya tahi."

Na buga ƙirji har sai da na yi tari.

A gaskiya na yi aiki, wannan kam ku ba ni haƙƙina. Na kwance ta, na fitar da ƙurar da za ta isa a yi yaɓen ɗaki, da gidan zanzaro biyu, da gawar wani ƙadangare da ya mutu yana neman ilimi. Na sake mata ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo. Na wanke faifan da ke ɗauke da ƙananan kayan cikinta, sannan na tusa shi cikin kwanon shinkafar Inna don ya tsotse laima, kamar yadda na ga ana yi wa waya. Da Inna ta gano, ta tambaye ni da me aka like waɗannan 'yan ƙarafunan. Na ce da dalma. Ranar na ga ɓacin ran da ban taɓa gani ba. Inna tana da aminai a Yargalma, ta san yadda gubar dalma ta kashe yaran can, ba ta wasa da wannan kalmar. Ta haƙa rami ta binne shinkafar, ta sa na wanke hannu sau uku da sabulu, ta kuma kafa doka cewa jujina ba zai ƙara kusantar madafa ba. A nan kam ita ke da gaskiya, ban ko yi musu ba.

Abu ɗaya ne ban yi ba: ban gwada kunna ta ba. Wuta ta ƙi zuwa duk makon, janareto kuma sai ranar suna za a aro. Na ce a raina, ai ma ya fi armashi, a gaban jama'a za ta fara buɗe ido.

Ranar suna gida ya cika ya batse, haihuwar fari ce, dangi sun zo daga Anka da Bukkuyum. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida, na ɗora kwamfutar a kan teburin guga. Na sa farar riga mai dogon hannu, na maƙala sukudireba a aljihu, na kuma sa gilashin da ba na komai ba ne. (Na abokina ne. Shi ma ba na komai ba ne a wurinsa.) Na jona wayar a doguwar soket ɗin da aka jawo daga janareto, na je na kirawo Kawu. Aka ba shi kujera a gaba. Inna ta tsaya bayansa, hannunta a kan haɓa. Ita ce ta fi kowa jira, don tana ƙarama mahaifin nasu ya rasu, kuma rabin labarin ba ta taɓa jinsa ba.

Na yi jawabi. Wallahi na yi jawabi. Na bayyana wa tsofaffi mene ne kwamfuta, har da juyawa wurin Kawu ina cewa, "Wannan shi ake kira madannai, Kawu." Mutumin da ya ci abinci da madannai shekara ashirin. Ya gyara zaman hularsa kawai.

Na ce bismillah, na danna makunni.

Shiru.

Na sake dannawa. Ko fanka ba ta motsa ba. Wata tsohuwa ta ce, "Ko barci takai?" Aka yi dariya. Gumi ya fara bin bayana kamar an buɗe famfo.

Na zagaya bayan akwatin ina mazurai irin na masana. A nan idona ya faɗa kan wani ɗan jan makunni, ƙarami, a lafe cikin rami kusa da inda wayar wuta ke shiga. An rubuta 230 a jikinsa. Na tura shi kaɗan da bakin sukudireba, sai na hango 115 na leƙowa. Nan take ƙwaƙwalwata ta haɗa mini lissafin da har yau nake mamakinsa. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wutar ƙaramin janareto ba ta da ƙarfi, ko fanka da ƙyar take juyawa. To, kwamfuta tana neman ɗari biyu da talatin, janareto ya gaza. In na rage mata buƙata zuwa rabi, ai sai ta wadatu da ɗan abin da ke akwai. Har na ji tausayin Turawan da suka ƙera ta, da ba su zo Gummi sun ga mai basira ba.

"Mi kaka taɓawa nan baya?" in ji Kawu.

"Ɗan saiti ne, Kawu."

"In jan nan na, bar shi inda kag gane shi."

Na yi murmushi irin na likita ga majinyaci. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kawu, ka kwantar da hankalinka. Zamani ya canza."

Ƙyas, na ture shi. Na dawo gaba na danna. Har yanzu shiru.

Sai ga muryar Goggo Kulu, ƙanwar Baba da ta zo daga Bukkuyum. "Kai Injiniya, wagga baƙar igiya da ke ƙasa taka ta? Ni niz zare ta ɗazu nis sa cajin wayata. Bari in mai da maka."

Kawu ya miƙe yana cewa, "Kulu, tsaya!" Ina, ta riga ta cusa.

Ƙarar da ta tashi, ni dai na ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe a cikin kunnena. Tartsatsi ya fito ta baya, hayaƙi mai warin ƙonannen roba ya turnuƙe rumfar. Janareto ya yi tari ya mutu. Kaji suka watse, jaririn ya tsala kuka, mata suna salati. Shi kuwa Injiniya, mai farar riga da gilashi, ya daka tsalle ya tsallake tsofaffi biyu yana ihu, "Inna! Wayyo Inna!" ya dira da ƙafar dama cikin robar kunun zaƙin da aka dama wa baƙi.

(Ana cewa har zanen Inna na kama na ɓuya a bayanta. Wannan ƙari ne. Gefensa kawai na riƙe.)

Dariyar da aka yi ba ta dame ni ba kamar fuskar Kawu. Yana tsaye gaban akwatin, ya dafa shi da hannu ɗaya kamar mai dafa marar lafiya. Inna ta juya ta shige ɗaki. A lokacin na gane ba kunu kaɗai na ɓarar ba.

Washegari da safe Kawu ya zo har jujina ɗauke da kwamfutar. Na rasa inda zan sa idona. Ya zauna a kan ɗaya daga cikin gawarwakin kwamfutocin nawa ya ce, "Miƙo sukudireban ga naka na ado." Yana kwancewa yana bayani. Jan makunnin ba rage cin wuta yake yi ba, faɗa wa na'urar yake irin wutar ƙasar da take. Ni na yi mata ƙarya cewa rabi za a ba ta, sai aka ɗura mata cikakkiya. Ya ciro ƙonannen akwatin wutar ya shinshina, ya ce in Allah ya taimake mu shi kaɗai ya mutu. Muka bi kwamfutocina biyar ɗaya bayan ɗaya, a ta huɗu muka sami irinsa. Ya sa na karanta lambar jan makunninsa da ƙarfi sau uku, kamar mai biya karatun allo.

Da aka tayar da janareton, wanda ba a riga an mayar wa mai shi ba, Kawu ne ya danna. Fanka ta juya. Wani abu ya yi ƙurr a ciki, sai rubutu ya bayyana fari a kan baƙi. Na ruga na kira Inna, wannan karon da dalili.

Kawu ya riƙa karantawa, Inna tana share ido da bakin mayafi. Can tsakiyar labarin ya tsaya, kafaɗunsa suka fara rawa. Ashe Kaka ya ba da labarin yadda, yana matashi, aka kawo injin ban ruwa fadamarsu, wani dattijo ya ce kada ya taɓa wani ƙarfe a jikinsa, shi kuma ya ce ai ya gane kansa. Injin bai ƙara tashi ba a wannan ranin.

Inna ta dube ni, hawaye da dariya a haɗe. Ta ce, "Ashe gado na. To, Allah shi sa kai na ƙarshe."

Yanzu maganar Kaka tana kan takarda, kowane gida da nasa. Kwamfutar tana ɗakina, Kawu ya bar mini ita. Kalmar da na rubuta a ƙyaure tana nan, sai dai wani ɗan albarka ya ƙara "Kunu" a gabanta, kuma sunan ya bi ni har makaranta. Abin da na koya shi ne, idan ka ga an ɓoye abu a baya, an shafa masa ja, ga kuma tsoho yana cewa a bari, to zamani bai canza ba tukuna. In kuma dole sai ka yi gardama, ka fara duba inda aka ajiye kunu.