Ranar da Na Zauna a Kan Fallen Rahila

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Rahila ta buɗe 'yar masana'antarta a bayan gidanmu a Zuru. Ɗiyar yayata ce. Ta karanta injiniya, ta dawo gida da sana'ar da ba mu taɓa gani ba. Takan tara fasassun jarkoki da bokitai, ta wanke, ta niƙa a inji, ta gauraya da zaren rama da aka daddatsa, sannan ta narkar ta matse a cikin ƙarfe mai zafi. Sai ga falle kamar katako ya fito, gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi. Ramar ce ke ba shi ƙarfi, in ji ta, kamar ciyawar da ake sawa cikin laka in za a yi gini.

Ta gayyaci masu makarantu da dattawan coci, wasu har daga Ribah da Mahuta a kan babur, su ga ko za su sayi benci. Duk abin da ta mallaka yana cikin injinan nan. In ba su saya ba, sai komawa birni neman aiki.

Ni kuwa, tsohon soja mai tumbi (matata takan ce tun da na yi ritaya, tumbin ne kaɗai ke samun ƙarin girma), na naɗa kaina mai bayani, alhali ba wanda ya sa ni.

Wani dattijo daga Mahuta ya ƙwanƙwasa benci ya ce, "Yarinya, roba fa roba ce. Wannan zai ɗauki manya?"

Kafin Rahila ta buɗe baki na tari numfashinta. "Baba, ka gan ni nan? In ya ɗauke ni, zai ɗauki kowa."

Ga gamammun bencuna jere a gabana, amma idona sai ya faɗa kan wani falle mai sheƙi da aka ɗora bisa bulo, can kusa da injin. Na yi taku irin na fareti, na juya, na zauna da dukkan nauyina.

Na ji Rahila ta ce, "Kawu, kada..." amma ta makara.

Da farko ɗumi na ji, mai daɗi ma. Sai ɗumin ya koma zafi, na fara nitsewa a hankali kamar wanda ya zauna a kan tuwo. Ashe fitowarsa ke nan daga inji, an ajiye shi ya huce. Na zabura na miƙe. Fallen ya lanƙwashe, ga shatin mazaunaina a tsakiyarsa, rami biyu, har da layin ɗinkin wando. Matan zumuntar coci suka toshe baki da bakin zane. Surukata, da ke layin gaba, ta sunkuya tana duba takalminta.

Tsoron da na ji ya fi kunyar, don dattijon ya soma girgiza kai. Na ce a raina na kashe wa yarinya kasuwa.

Rahila ko gezau. Ta tambaya ko na ƙone, na ce a'a (na daɗe ina kwana rub da ciki). Sai ta juya ga jama'a ta ce, "Kawu ya taimake ni. Da ma ina son ku ga abin da ake yi in benci ya lalace."

Da fallen ya huce ta daddatsa shi ta zuba a injin niƙa. Kafin ya narke, ta sa ƙarti suka cika wani gamammen benci, ko motsi bai yi ba.

Dattijon ya ce, "Zafin rana fa?"

"Rana ba ta kai zafin inji ba, Baba. Katako in ya karye sai murhu. Wannan ku dawo min da shi, in mayar muku sabo."

Ba a gama shan kunu ba sabon falle ya fito sumul. Dattijon ya jira ya huce (shi ya fi ni wayo), ya shafa, ya ce a yi wa cocinsu benci. Ya ƙara da cewa, "Amma ban da mai tambarin soja."

Yanzu ko a gidan biki aka ba ni kujera, sai na fara taɓawa da hannu. In kuma aka yi wa Rahila tambaya, nakan bari Rahila ta amsa.