Ranar da Na Wanke Kiɗan Kumandan

Shekara shida ina kuku a gidan kumandan, Nasaran da ke mulki a Dogon Dutsi, har na ɗauki kaina masanin kiɗan Nasara. Akwai waƙar da yake rerawa da fito kullum in yana aski, na hardace ta tsaf.

Sabon faifan garmaho ya iso masa, sai ga waƙar nan da fiyano. Makaɗin ya ɗauko ta daidai, can ya saki hanya ya shiga daji, sai ƙarshe ya komo. Na ce wa Arzika mai gadi, "Wanga faifai dauɗa gare shi."

Ya ce, "Bari mai abu ya komo daga Matankari."

Ina! Na sa toka da soso, na dirje shi kamar gindin tukunya.

Da kumandan ya ɗora, sai ƙara kamar ana suyar gujiya. Ashe shiga dajin nan ita ce gwanintar, ita ya sayo tun daga Faransa. Daɗin miyata kaɗai ya hana a kore ni.

Har yau, in mai goge ya fara gwaninta wurin biki, sai wani ya ɗaga murya: "Ɓoye gogenka, ga mai toka nan tahe!"