Ƙwayar da Ta Maida Ni Saurayi

Wautata ce, ban ɗora wa kowa ba. Likitoci a Tawa suka sa ni cikin gwajin sabon maganin ciwon sukari. Sun ce wasu za su samu ƙwayar gaske, wasu ta banza, amma na tabbata dattijo irina ba a ba shi ta banza.

Kullum a fada, wurin hirarmu, ina bugun ƙirji, wai na koma saurayi. Har na sam ma abokina Illa ƙwaya biyu, ya rantse ciwon gwiwarsa ya saki.

Da gwajin ya ƙare, na ja Illa asibiti ya shaida. A gabansa likita ta ce, "Baba, ta banza ka sha, gari ne a ciki."

Har yau in na iso fada, Illa sai ya ce mini, "Likita, gwiwar ta motsa. Da sauran garin?"